Aji Mai Yara Ɗari Shi Ya Fi Buƙatar a Raba Shi Rukuni-Rukuni

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar wata makarantar firamare ta gwamnati da hantsi, a Kano ne ko Gusau ko Azare, ya san sautin da ke fitowa daga ciki. Malama tana tsaye gaban allo tana nuna rubutu da sanda, ta faɗi kalma yara su amsa da murya ɗaya, ta sake faɗi su sake amsawa, har a buga ƙararrawa. Mai wucewa zai ɗauka karatu ake yi, ita ma malamar tana iya komawa gida da yaƙinin cewa ta sauke nauyin da ke kanta. Amma da za a kira yaro ɗaya daga layin baya, a rubuta masa wata gajeruwar kalma a takarda a ce ya karanta shi kaɗai, sau da yawa sai dai ya sunkuyar da kai. Amshi yana ɓoye wanda ya iya da wanda bai iya ba, domin yara goma na gaba su ne ke karantawa, sauran kuwa bakin goman nan suke bi. A shekarar 2022 Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi sun fitar da ƙiyasin cewa kusan kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, kuma da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa makaranta kullum.

Akwai wani tsari da makarantun firamare na Amurka da wasu ƙasashe suka daɗe suna amfani da shi, inda ake ware wani ɓangare na lokacin darasi a raba yara ƙananan rukunoni, kowane rukuni ya zauna a kusurwarsa da aikin da aka tanadar masa. Wasu suna haɗa kalmomi da katunan haruffa, wasu suna karanta wa juna ƙaramin littafi, wasu suna ƙirga da abubuwan da za su iya taɓawa da hannu, malama kuma tana zaune da rukuni ɗaya tana koyar da shi kai tsaye, in lokaci ya yi a yi musaya. Tunanin da ke ƙarƙashinsa tsoho ne, domin tun a 1907 Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum, ta gina ta a kan cewa yaro ya fi koyo idan hannunsa yana aiki. Duk lokacin da aka ambaci wannan tsari a gaban malamanmu, amsar da ake samu kusan ɗaya ce, wato wannan na masu yara ashirin ne a aji da na'urar buga takardu da kabad cike da kayan wasa. Suna da hujja. Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a biranen Arewa ba abin mamaki ba ne a tarar da yara ɗari ko fiye a aji guda, wasu a benci wasu a ƙasa.

Ra'ayina shi ne yawan yaran nan shi ne babban dalilin da ya wajabta a raba su. Malamin da ke da yara ashirin yana iya zagaya su ya ji karatun kowa ko da bai raba su ba. Mai yara ɗari kuwa, muddin ya tsaya gaban allo yana magana da su gaba ɗaya, to ya zaɓi mataki ɗaya ne ya koyar, kuma matakin nan yawanci na manhaja ne, ita kuwa manhaja ta ɗauka cewa duk ɗan aji huɗu ya riga ya iya abin da ake koyarwa a aji uku. Yaron da baƙaƙe suka wuce shi a aji ɗaya ba shi da ranar da za a dawo masa da su. Haka zai yi ta hawa aji yana kwafe rubutun allo kamar mai zanen hula, yana fitar da siffar daidai ba tare da ya san abin da ta ƙunsa ba.

Masu cewa tsarin baƙo ne gare mu su dubi makarantar allo. Malami ɗaya yana riƙe da almajirai masu yawa, amma ba za ka taɓa ganin ya ɗora su duka a kan darasi ɗaya ba. Kowane yaro yana da allonsa, kuma abin da ke rubuce a kai shi ne daidai inda ya kai. Mai babbaƙu yana fama da baƙaƙe zalla, mai farfaru ya fara haɗa su da wasula, na gaba da su yana biya ayoyi, kuma ba a wanke wa yaro allo sai ya kawo karatunsa malam ya saurara ya gamsu. Gardawa da manyan almajirai suna biya wa ƙanana, malam yana zaune ana zuwa gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ana iya kawo ƙorafi mai yawa a kan halin da almajirai suke ciki a yau, musamman bara da rashin kulawar iyaye, kuma ƙorafin gaskiya ne. Sai dai ta fuskar tsarin koyarwa, kakanninmu sun gane abubuwa uku da makarantar boko ta yi watsi da su: a san matakin kowane yaro, kada a ciyar da shi gaba sai ya iya, kuma a yi amfani da wanda ya iya wajen taimakon wanda bai iya ba. Iyayen da za a gaya wa cewa za a raba 'ya'yansu bisa ga abin da suka iya ba za su ji wani sabon abu ba.

A zamanin nan, waɗanda suka fi kowa gwada wannan a makarantun talakawa masu cunkoso su ne mutanen Indiya. Ƙungiyar Pratham, wadda aka kafa a birnin Mumbai a tsakiyar shekarun 1990, ta ɓullo da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa. Ana fara shi da ɗan gwaji na baka wanda ba ya wuce 'yan mintoci: a nuna wa yaro haruffa, sannan kalmomi, sannan sakin layi, sannan gajeren labari, inda ya tsaya nan ne rukuninsa, ba tare da la'akari da shekarunsa ko ajinsa ba. Haka ake yi a lissafi, daga gane lambobi zuwa tarawa da ɗebewa da rabawa. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka yi shekaru suna auna wannan tsari, kuma sun ga yana ɗaga karatun yaran da aka bari a baya. Zambiya ta karɓe shi a makarantun gwamnati daga 2016. A nan gida an gwada shi a jihar Borno a 2018 da tallafin UNICEF, aka kuma gwada shi a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a jihar Kano. Ke nan maganar ba ta Amurka kaɗai ba ce, an yi ta a azuzuwan da suka yi kama da namu.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne kayan aikin ba sa buƙatar kwangila. A kusurwar karatu, kwalin taliya ko na sabulu da aka yayyanka ƙanana ya isa. A rubuta gaɓa ɗaya a kan kowane yanki, ba, be, bi, bo, bu, ka, za, ta, sa, ra, go, a zube wa yara shida ko takwas a kan tabarma a ce su haɗa kalmomi. Wannan ya jawo ka ya jawo za ya ce kaza, wancan ya haɗa ra da go ya ce rago, wata ta juya katunanta ta ga tasa ta koma sata, sai gardama ta kaure a kan wace ce kalma wace ce ba kalma ba, kuma wannan gardama ita ce karatun. Hausar boko tana da sauƙin da Ingilishi ba shi da shi, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake ɗauka, saboda haka yaron da ya kama baƙaƙe da wasulan nan biyar ya haɗa su gaɓa-gaɓa yana iya karanta kalmar da bai taɓa gani a rubuce ba. A nan ne kuma ya kamata a tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa, a ajiye wa yara katin kafa kusa da na ƙafa, na baki kusa da na baƙi, su furta su ji bambancin da kunnensu. Rukunin da ya wuce wannan mataki sai a ba shi gajerun labarai, biyu-biyu, ɗaya yana karantawa ɗaya yana bi da yatsa, in sun gama su faɗa wa juna abin da ya faru a labarin.

Lissafi ya fi ma karatu buƙatar wannan, domin a nan ne haddar da ba fahimta ta fi yin ɓarna. Yara suna rera biyu sau biyu huɗu har zuwa sha biyu sau sha biyu, amma a ce su ɗebe 17 daga 32 sai a ga sun rubuta 25, saboda sun ga bakwai ta fi biyu sai suka juya suka cire ƙarama daga babba. Malami zai ce su yi aro, su kuwa ba su san abin da ake arowa ba balle wurin wanda ake aronsa. A ba yaron nan tsinken tsintsiya, a sa shi ya ɗaure su goma-goma da zare ko roba, ya ajiye dami uku da tsinke biyu a gabansa. Idan aka ce ya cire bakwai, zai dubi biyun nan ya ga ba su isa ba, kuma da kansa zai kai hannu ya kwance dami ɗaya. Yanzu yana da sha biyu a warwatse, ya cire bakwai saura biyar, ya cire dami ɗaya daga biyun da suka rage, ya ƙirga abin da ke gabansa ya samu 15. Wanda ya kwance damin nan da hannunsa sau goma ba zai ƙara rubuta 25 ba. Murafun kwalaben lemo, da 'ya'yan tsamiya, da ƙwallon dabino duk suna yin wannan aiki. Hatta gurabun dara, layi biyar gurbi shida-shida, hoto ne na biyar sau shida talatin da yaro zai iya haƙawa a ƙasa ya ƙirga.

Akwai wata baiwa da makarantunmu suke zubarwa. Yarinyar da ke tallar gyaɗa ko awara, in ka sayi na naira 350 ka miƙa mata 500, kafin ka mayar da hannu aljihu ta ba ka canjinka daidai. Ita ce kuma za ta zo aji a rubuta mata wannan lissafin a allo ta kasa. Masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil sun nuna irin wannan a 1985 a kan yara masu sayar da kaya a titi, waɗanda suke warware lissafi da ka a wurin ciniki amma suke faɗuwa idan aka ba su shi a takarda. Kusurwar da aka mayar ɗan kanti, da kuɗin takarda da yara suka zana da kansu, inda sharaɗin shi ne duk cinikin da aka yi sai an rubuta shi da lambobi, ita ce za ta haɗa wa yarinyar nan abin da ta sani da abin da makaranta ke nema a wurinta. Ba ina yabon talla ba ne, domin talla tana cikin abubuwan da ke raba 'yan mata da aji. Amma tunda sun zo da ilimin, rashin hikima ne a nuna musu cewa ba a bakin komai yake ba.

Tsarin yana iya lalacewa, kuma ya lalace a wurare da dama har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Hanyar lalacewarsa ta farko ita ce a mayar da kusurwoyin wurin shagaltar da yara, su yi ta canza launin hoto ko jera murafu ba tare da an san abin da ake so su koya ba, malami kuma ya samu damar zama yana duba waya. Yaro ba ya gano sautin harafi da kansa don an zube masa katuna. Kwamitin da Amurka ta kafa kan koyar da karatu ya bayyana a rahotonsa na shekarar 2000 cewa koyar da alaƙar harafi da sauti a bayyane, bi da bi, yana cikin ginshiƙan iya karatu. Saboda haka sabon abu daga bakin malami zai fito, ga aji duka ko ga rukunin da ke gabansa, kusurwa kuwa wurin maimaita abin da aka riga aka koyar ne har ya zauna. Kowane aiki ya kamata ya bar shaida, ko kalmomi biyar da aka rubuta a littafi, ko lissafi uku da aka warware, wadda malami zai iya dubawa da kallo ɗaya.

Hanya ta biyu ta fi damuna, domin ta shafi ɗabi'armu. Mun saba da monita mai riƙe da bulala yana rubuta sunayen masu surutu. Idan irin wannan monita aka ɗora a kan rukuni, to an ƙara wa ƙananan yara azaba ne kawai. Jagoran rukuni aikinsa raba kaya da tattara su da taimakon wanda ya maƙale, kuma ya kamata a riƙa sauya shi. Haka nan, ranar da malami ya kira wani rukuni da sunan daƙiƙai, ko ya bari yara suka kira shi haka, ya rushe abin da yake ginawa. A ba rukunonin sunayen da ba su nuna fifiko ba, a kuma sake gwada yara bayan 'yan makonni domin wanda ya ci gaba ya koma rukuni na gaba, kowa ya ga cewa wurin zaman nan mataki ne da ake wucewa. Surutu kuwa dole a yi shi. Hedimastan da yake auna ƙwazon malami da shirun ajinsa sai ya sauya ma'auni, kuma inda ɗaki ya yi kaɗan, inuwar bishiyar darbejiya da barandar aji suna ɗaukar rukuni biyu.

Duk wannan ya rataya ne a kan harshen da ake magana da shi. Yara takwas da aka bari su yi aiki tare ba za su yi shi da harshen da ba su ji ba, ko dai su koma Hausa ko su yi shiru. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince da fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin da yaro yake, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa hakan bai hana su iya Ingilishi ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da faɗaɗa koyarwa da harshen uwa zuwa ƙarshen firamare, sai ga shi a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar da komawa ga Ingilishi. A ganina wannan kuskure ne da yaran karkara za su fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Ina son 'ya'yanmu su iya Ingilishi sosai, amma yaron da ya fara gane yadda harafi ke zama sauti a harshen da yake ji ya fi saurin ɗaukar wannan dabara ya kai ta wani harshe.

Ba daga sifili za mu fara ba. Shirin Mu Karanta da hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, ta tallafa wa a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA da aka gudanar a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan Hausa na azuzuwan farko da jagororin malamai, sun kuma horar da malamai masu yawa. Ciwon da ke tattare da irin waɗannan shirye-shirye shi ne numfashinsu yana hannun mai ba da tallafi, ranar da ya naɗe tabarmarsa sai littattafai su ƙare ba a sake bugawa ba, malamin da aka horar a yi masa canjin wurin aiki, aji ya koma amshi. Rufe USAID da gwamnatin Amurka ta yi a 2025 ya isa ya nuna wa jihohinmu cewa wannan nauyi nasu ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, amma an sha jin hukumar tana kukan cewa jihohi sun bar kasonsu a ajiye saboda sun kasa kawo nasu rabin. Inda aka karɓo kuɗin kuma, ya fi tafiya ga gini da fenti da katanga, abubuwan da ake iya ɗauka a hoto ranar buɗewa.

Abin da malamin aji yake buƙata daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, bai kai kuɗin katanga ɗaya ba. Yana buƙatar a ware masa awa guda a jadawali kowace rana wadda ba za a tuhume shi da barin manhaja ba idan ya koma koyar da baƙaƙe ga 'yan aji huɗu. Yana buƙatar akwatin ƙarfe mai kwaɗo, domin a makarantar da ba ta da ƙofa ko taga, katunan da ya kwana yana yankawa ba za su kai mako ba, ko awaki ko gara ko yaran unguwa. Yana buƙatar wanda zai shigo ajinsa ya nuna masa yadda ake yi da yara na gaske, ba taron bita na kwana uku a otal ba. Lokacin da jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta sallami sama da 21,000, an yi ta muhawara a kan cancantar malamai, amma ba a yi muhawara sosai a kan abin da kwalejojin ilimi suke koya musu ba. Ɗalibin da zai fito da takardar NCE ya kamata a ce kafin ya gama koyon aikin koyarwa ya gwada yara ɗaya bayan ɗaya, ya raba su, ya tafiyar da rukuni huɗu a lokaci guda a gaban mai duba shi.

Masu duba makarantu su ma sai an sauya musu abin da suke nema. A yanzu jami'i yakan zo ya buɗe rajista, ya duba shirin darasi ya ga ko an rubuta shi da kyau, ya sa hannu ya tafi. Ya kamata takardar da zai fara tambaya ta zama wadda ke nuna yara nawa ne a matakin harafi a farkon zango, nawa ne a matakin kalma, nawa ne a matakin labari, da kuma yadda adadin ya koma a ƙarshen zango, sannan ya zaɓi yara biyar da kansa ya tabbatar. Wannan takarda kuma a karanta ta a taron kwamitin al'umma mai kula da makaranta, a gaban mai unguwa da liman da iyaye mata, domin su san ko 'ya'yan da suke turowa kowace safiya suna matsawa daga inda suke.